Gwangwani Uku da Gyaɗar Baba Mai Gadi

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Litinin, a ƙarshen bazara, na jera gwangwanin madara uku a kan teburina a aji biyar. Waɗanda ke wurin su ne: ni, da ɗalibaina ashirin da bakwai, da Hedimasta da ya leƙo riƙe da rajista, sai Baba mai gadi tsaye a bakin taga da tsintsiyarsa. Makarantar firamare ce a wani ƙauye, tafiyar awa ɗaya a keke daga Makoda.

Shekarun nan ne da damina ta yi ta yankewa. Alli sai an karya shi biyu ake ba malami. An ce za a kawo mana akwatin kayan kimiyya, muka jira har muka daina tambaya. Littafi ɗaya ne, yana hannuna, kuma a shafin da muka kai an zana kwalabe masu kyau da auduga. Ni abin da na samu shi ne gwangwanaye daga wurin mai shayi a kasuwa, da wake ƙwaya tara da na ɗebo a gidana.

Baba mai gadi kuwa yana da damuwar da duk ƙauyen ya sani. Yana da irin gyaɗa tiya huɗu da ya ɓoye a rumbu shekara biyu bai shuka ba, saboda rashin ruwa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce gyaɗar ta riga ta mutu, a ba ta ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Shi ya kasa yanke shawara. In ya shuka ba ta fito ba, ya rasa abinci ya rasa damina. In ya bari aka ci alhali tana da rai, ya rasa iri, kuma ba shi da hanyar samun wani. Inna ta ba shi wa'adi: ranar da aka yi ruwan shuka, ko ya kawo mata hujja ko ta kai turmi.

Ban haɗa darasina da wannan magana ba sam. Na bi tsarina. A gwangwani na farko, na zuba ƙasa da wake uku, za a riƙa ba shi ruwa kaɗan kullum. Na biyu, busasshiyar ƙasa da wake uku, ba za a ba shi ko ɗigo ba. Na uku, na cika shi da ruwa har ya shanye ƙasar ya tsaya a sama. Na rubuta a allo cewa na farko zai tsiro, na biyu ba zai tsiro ba don rashin ruwa, na uku zai ruɓe don rashin iska. Na ɗora su a kan kabad kusa da taga. Sannan na kafa doka uku: ba mai taɓawa, ba mai leƙawa sai monita, wata yarinya mai natsuwa da za ta hau benci ta shayar da na farko, kuma ba mai yi mini maganarsu sai Litinin mai zuwa. Hedimasta ya ce zai zo ya gani.

Ya zo kuwa. Na sauko da gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Na farko ya tsiro. Na biyu ya tsiro. Na uku ya fi su duka tsayi, har da ganye biyu shar.

Hedimasta ya dubi allo, ya dubi gwangwanayen, ya tambaye ni a hankali ko littafin na ƙasar nan ne. Ni na ji kunya har wuyana. Na tsayar da monita, ta ce tun ranar Talata ta ga ƙasar na biyu da danshi, ta ga ruwan na uku ya tafi, amma na hana a yi mini magana. Dokata ce kuwa. Na umarci kowa ya tashi ya kama kunne har sai mai laifi ya fito.

Sai muka ji gyaran murya daga taga.

“Malam, sake su, ni ne,” in ji Baba. “Na shigo shara na ga an shayar da ɗaya an bar ɗaya da ƙishi. Na ce yaran nan mantuwa suka yi, na zuba masa daga butata. Wanda kuka nutsar kuma na tsiyaye. Wa ya taɓa shuka wake a tafki?”

Hedimasta ne ya fara dariya, har ya zauna a kan bencin yara. Yara na riƙe da kunne suna kyarkyata. Na daure iya ƙarfina, daga baya ni ma ta ƙwace mini. Baba bai ga abin dariya ba. Ya ce shekara hamsin yana noma bai taɓa ganin mai hankali ya bar iri ya wahala da gangan ba, kuma alhaki ne.

Na shigo da shi aji, na ba shi kujerata. Na bayyana masa cewa mun bar na biyu da ƙishi ne don mu gane aikin ruwa, domin in aka yi wa duka gata iri ɗaya ba za a san abin da ya tsirar da su ba. Ya ce ai kowa ya san ruwa ke tsirar da shuka. Na ce haka ne, amma yau so muke mu gani da ido, ba mu ji a baki ba. Daga nan ya yarda a sake, da sharaɗin in an gama shi zai shayar da mai ƙishin.

Muka sake, na naɗa shi mai gadin gwangwani. Kwana shida ya sha wahala. Kowace safiya sai ya tare ni a ƙofa ya roƙa wa na biyu ko cokali ɗaya, ni kuma in ce a'a. Yara suka riƙa tsokanarsa suna tambayar ya jikin mara lafiyarsa, shi kuma yana ce musu marasa tausayi, jikokin fari. A rana ta bakwai komai ya fito yadda aka rubuta a allo: na farko ya tsiro, na biyu yana nan yadda aka sa shi, na uku ya yi wari. Baba ya ɗauki butarsa ya yi bisimilla ya shayar da na biyu. Bayan kwana huɗu ya tsiro.

Ranar ce ya same ni a gindin darbejiya, ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya.

“Malam, ashe busasshe ba matacce ba ne. To gyaɗata fa? Gwangwaninka zai iya faɗa mini?”

Na ce zai iya. A lokacin hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, saboda haka ba mu ɓata lokaci ba. Washegari na tafi da ajin gidansa a layi. Muka ɗebo gyaɗa daga saman buhu, da tsakiya, da ƙasa, don kada mu ruɗi kanmu da masu kyau kaɗai. Muka ɓare, muka ƙirga ƙwaya ashirin. Muka jiƙa tsohon buhun algarara, muka jera su layi huɗu, biyar-biyar, muka naɗe, muka ajiye a gindin randar makaranta inda ke da sanyi. Yayyafi sau biyu a rana, safe da azahar. Wannan karon na ba Baba aikin shayarwa, bai taɓa makara ba.

A rana ta shida, da ƙarfe goma, muka buɗe. Inna ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa cikin mayafi. Monita na ɗaga kowace ƙwaya mai farar saiwa, aji na ƙirgawa da ƙarfi. Da aka wuce goma Baba ya cire hularsa. Aka tsaya a sha bakwai.

Inna ta ce ba ta yarda da ƙirgar yara ba. Ta shigo ta ƙirga da yatsanta, ta samu sha bakwai. Ta dubi mijinta.

“To ukun da suka ƙi fa?”

“Su ne rabonki,” in ji Baba. “Je ki matse mai.”

Ta ce Allah ya shirye shi, tana rufe baki da mayafi don kada a ga dariyarta. Baba ya ƙi yarda a zubar da sha bakwai ɗin nan. Ya yi musu kunya ɗaya a bayan aji ya dasa, yana bin su da buta, ba wanda ya hana shi.

Bayan kwana uku aka yi ruwan shuka, ya shuka tiyarsa huɗu. Da labari ya bazu, mutum biyar suka kawo mana nasu irin muka gwada. Na mutum ɗaya ƙwaya huɗu kawai suka tsiro cikin ashirin, ya ci abinsa ya nemi gero ya shuka. Damina ba ta cika sosai ba a shekarar, amma ta kai gyaɗa. Da kaka Baba ya shigo aji da ƙwarya cike da dafaffiyar gyaɗa. Na sa aka raba bisa jerin rajista, kowa cikin tafin hannu, Hedimasta a ƙarshe.

Kai mai karatu, in kana da yaro a makaranta, ina roƙonka ka yi wannan kafin damina ta faɗi. Ka nemo masa gwangwani uku da wake tara, ka bar shi ya jera da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani kowace safiya. Kuma ka ja kunnen duk wani tsoho mai tausayi da ke gidan, kada ya taɓa na biyu sai rana ta bakwai.