Ranar da Barau Ya Yi wa Gwaggo Kwalliya

Duk wanda ya zauna Diffa ya san Barau mai fenti, ko bai san sunansa ba ya san shi da ido. Shi ne siririn mutumin nan da ke ƙarƙashin dogon yaro a hanyar kasuwar tattasai, wanda ba ya iya wuce mota bai shafa ta ba. Wallahi ciwo ne. Kuna tsaye kuna gaisawa, sai ka ga idonsa ya bar fuskarka ya koma kan ƙofar motarka, ya lashi ɗan yatsa ya shiga murza wani tabo da kai mai motar ba ka taɓa gani ba. Matarsa Mariyama takan ce da yana duban fuskarta yadda yake duban ƙarfe, da har yau amarya ce.

A Yerwa ya koyi gyaran jikin mota da fenti, daga baya ya buɗe nasa wurin a Damasak. Yana tsakiyar cin kasuwarsa mutanen daji masu bindiga suka shigo garin. Ya bar injin feshi, ya bar komai, ya ɗora ƴarsu Ramla a wuya, Mariyama na riƙe da bayan rigarsa, suka tsallaka kogin Komadugu ruwa iya ƙirji. A wannan gaɓar suka zube, ba takalmi, ba wanda suka sani. Nan Allah ya kawo Alhaji Tahir, ɗan kasuwa mutumin Damagaram da ya daɗe a Diffa, ya zo ɗaukar tattasai da a-kori-kurarsa. Ya dubi buhunan da aka loda masa, ya dubi mutanen da ke rawar sanyi, ya ce a sauke buhunan. Da mutane ya cika motar. Su Barau kuwa har ɗaki ya ba su a bayan shagonsa, sai da suka tsaya da ƙafarsu.

A ran nan motar fara ce fat, sabuwa gal, kuma haka Barau ya riƙe ta a ransa. To amma shekara na bin shekara sai ta shiga lalacewa, lalacewar da ta fi ƙarfin hankali. Yau ƙofa ta lotse, gobe an sa mata wata shuɗiya ta wata motar. Taɓo ya bushe a jikinta ya zama kamar katangar ƙauye, baƙin mai ya malale a gabanta, murfin baya da igiya aka ɗaure shi. Ƴan dako suka sa mata suna Gwaggo. Duk sanda ta wuce, sai Barau ya kau da kai. Shi a ganinsa, tunda aka takura wa cinikin tattasai saboda fitina, Alhaji ya karye ne yana ɓoyewa. Mutumin da ya tsamo su daga bakin kogi, ga motarsa ta zama abin dariyar gari, shi kuwa Barau da sana'a a hannu yana kallo! Ba abin da ya fi so a duniya irin ya yi wa Alhaji wani abu guda da zai ce ya gode da shi, don kalmar baki ta daɗe da yi masa kaɗan.

Rannan aka yi wa Alhaji rasuwa a Damagaram. Da zai shiga motar haya ya miƙa wa Barau makulli, ya ce, "Ka riƙa tayar mini da ita, kada batir ya kwanta."

Tayarwa kawai aka ce masa. Barau ya koma gida yana murmushin da Mariyama ta sani, ta kuma tsana.

"Malam, me ka shirya?"

Ya gaya mata. Ta ce, "Ka tambaye shi tukuna."

"Haba, ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta?"

"Da me za ka sayi fentin?"

Sai idonsa ya sauka kan ragon da take kiwo don layya. Mariyama ta yi salati, ta yi faɗa, ta ce duk cikin mazan duniya ita aka haɗa da mai ciwon mota. Amma ita ma a bayan motar nan ta zauna ran da suka tsallako, don haka da kanta ta kwance igiyar ragon.

Sai ku zo ku ga aiki. Ya fara da wanki, taɓon nan sai da ya jiƙa shi kamar mai jiƙa gero kafin ya saki. Ya cire kujeru, ya tarar da ƴaƴan tattasai na shekaru a ƙarƙashinsu, ya yi ta atishawa har maƙwabta suka leƙo ko lafiya. Lungun da yatsa ba ya shiga ya bi shi da asuwaki. Ya buga kowace lotsawa ta ciki da ƴar guduma a hankali har ta tashi, ya cike sauran da mastik, ya bi da samfefa da ruwa yana rufe ido yana shafawa, wai tafin hannu ya fi ido gaskiya. Abu ɗaya ya ba shi mamaki: lotsawar ƙofa duk girmansu ɗaya, a zagaye, kamar an auna. Ya ce a ransa wane irin haɗari ne wannan mai tsari, ya ci gaba da aikinsa. Ya ari injin feshi, wuta ta yi ta yi masa wasa da hankali, ya yi ta jira. Da fentin ya bushe ya goge ta da bargon nan mai laushi da ƴan agaji suka raba musu, ya ce ai bai taɓa samun tsumman da ya kai shi ba. Gwaggo ta fito fara tas, kana ganin haƙoranka a ƙofarta.

Da Alhaji ya dawo, ya wuce ta bai ko waiwaya ba, ya ɗauka motar ƴan agaji ce aka kawo wanki.

"Barau, ina Gwaggo?"

Barau ya nuna da hannu biyu, baki har kunne. Alhaji ya matsa, ya ga carbinsa rataye a madubi. Ya yi tsaye ƙiƙam. Ya cire hula ya mayar.

"Alhaji, ba wani abu ba ne. Godiya ce."

Alhaji ya dubi motar, ya dubi hannun Barau da samfefa ta cinye fatarsa, ya haɗiye abin da ya zo masa baki. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Barau ya ga hawaye a idonsa, ya koma gida yana gaya wa Mariyama cewa Alhaji har kuka ya yi don murna.

Sau ɗaya Gwaggo ta fita da kwalliyarta. A shingen bakin gari, jandarmomin da suka saba ɗaga mata hannu suna dariya suka tsayar da ita, wai wace ƙungiya ce, ina takardar izinin fita. Wajen Assaga mata suka hango farar mota, suka yo kanta da kwanuka da buhuna, suka ja layi, wata tsohuwa ta zage Alhaji tas don ya ce shi tattasai ya zo saya. Da ya isa gonakin bakin kogi kuwa dariya ta ƙare. Manoman suka ja shi gefe suka ce ya juya yanzu-yanzu, kada kuma ya sake zuwar musu da wannan, don daga tsallake ana ganin ƙyallinta.

Daga nan Gwaggo ta shige gidan Alhaji aka lulluɓe ta da tabarmi. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, wasu suna ta kwashe tattasan da ya saba saye. Duk da haka, in Alhaji ya haɗu da Barau sai ya ƙara godiya. Barau kuwa yana ta yaɗa wa mutane cewa Alhaji yana tattalinta ne kada ta yi datti.

Hajiya Kellu, matar Alhaji, ita ce ta kasa haƙuri ta fasa wa Mariyama, Mariyama ta kawo gida da zafinsa.

"Malam, ka san lotsawar nan da ka yi ta bugawa? Taɓaryar Hajiya ce. Alhaji da hannunsa ya yi su. Taɓon shi yake shafa mata, baƙin man shi yake zubawa. Irin motar nan mutanen daji suke nema ido rufe, in suka tare ta ba su cika barin mai ita ba. Shekarun nan duk yana munana ta ne don ya je ya dawo da ransa. Kai kuma ka zo ka yi mata ado kamar za a kai ta ɗakin miji!"

Barau ya zauna a ƙasa. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya bi bayanta. Ashe da ragon layya da fatar hannunsa ya sayo wa mai cetonsa abin da zai halaka shi, mutumin kuma ya karɓa ya ce madalla don kada ya karya masa zuciya.

Da safe ya je ya durƙusa a ƙofar shago. "Alhaji, ba ni makullin."

Alhaji ya fara cewa ai ba komai, sai ya ga fuskar Barau, ya gane maganar ta fita. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu, ya leƙa cikin gida ya ce, "Hajiya, miƙo taɓaryar nan."

Barau ya tare shi. "Bari ni in buga, Alhaji. Na san inda ba zai yi mata lahani ba."

Ya ɗaga taɓarya a kan ƙofar da ya sha wahalarta. Ya sauke bai buga ba. Ya sake ɗagawa, ya yi bismilla, ya rufe ido, ƙwam! Hawaye suka zubo masa, ya ce tattasai ne.

To, ni dai na ga fenti iri-iri a garin nan, ban taɓa ganin aikin da ya kai wannan ba. Barau ya haɗa ja da baƙi da jar ƙasa ya zana tsatsa, tsatsar da ke bin inda ruwa zai bi, har tana gangarowa daga ƙarƙashin madubi. Ya mayar da ƙofar shuɗiya, ya kashe ƙyallinta da samfefa. Ya kwaɓa taɓo da toka ya yarfa yadda taya ke yarfawa. Da ya gama, wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya tsaya ya yi tayinta a kilo, Alhaji ya rungume mutumin don daɗi. Mariyama ta zo ta zagaya motar, ta ce a gaishe mata da ragonta da ke kwance ƙarƙashin wannan tsatsa.

Alhaji ya buɗe ƙofar direba zai shiga, sai ya tsaya. Bakin ƙofar ta ciki, wurin da ke ɓuya in an rufe, yana nan fari fat yana walƙiya, ko ƙwarzane babu.

"Nan ka manta, Barau."

"Ban manta ba, Alhaji. Wannan naka ne. Ba mai ganinsa sai wanda ya buɗe."

Alhaji bai ce madalla ba wannan karon. Ya daɗe yana duban wurin, sannan ya shiga ya ja ƙofa.

Barau yana nan ƙarƙashin dogon yaronsa, yana wanke motocin ƴan agaji, yana lasar yatsa yana murza tabon mutane. In Gwaggo ta wuce da lodin tattasai tana ƙara tana girgiza, yakan kau da kai, don har yau idonsa bai iya ɗaukar ta ba. Amma Hajiya Kellu ta gaya wa Mariyama cewa kowace safiya, kafin Alhaji ya kama hanyar kogi, sai ya buɗe ƙofar nan ya sa hannun babbar rigarsa ya goge wurin.