Na Daina Ɗaukar Kiran Yayana Don In Hau Bene Na Sama

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce ƴar Maraɗi, mai ji da kanta, na gama karatun injiniya a garin Villeurbanne, nan Turai. Yayana ne ya riƙe karatuna tun rasuwar mahaifinmu. Soja ne a gida, kuma kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya kira ni ya ji ko ina cin abinci.

Na samu aiki a wani babban kamfani kusa da Paris. Ranar farko aka tara mu sababbi aka ba mu tarihinsa: yadda ya faro da ƙera rediyo da na'urorin jirgin sama, ya yi ta haɗiye ƙananan kamfanoni har ya kai ga ƙera radar, tauraron ɗan'adam da makamai masu linzami, yana sayar wa gwamnatoci ko'ina a duniya. Ni ɓangaren jiragen fasinja aka sa ni. Amma kowa ya san ɗaukaka tana ɓangaren soja, can bene na sama, kuma ba a shiga sai hukuma ta binciki mutum ta amince da shi. Bayan na samu takardar zama ƴar ƙasar nan, shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya miƙa sunana.

Jami'in tsaron kamfanin, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira ni biro ɗinsa, wato ofishinsa, ya yi ta tambayata kan yayana: muƙaminsa, inda yake aiki, yawan maganarmu. Tsakani da Allah bai ce in rabu da shi ba. Cewa kawai ya yi masu bincike suna duba irin wannan alaƙa, balle yanzu da zama ya yi tsami tsakanin ƙasarmu da ƙasar nan. Sauran ni na ƙarasa da kaina. Na fara ce wa Yaya aiki ya yi yawa, daga baya sai in zuba wa salula ido tana ƙara har ta yanke. Inna ta kira ta yi mini faɗa, ta tambaya ko Turai haka take sa mutum ya manta wanda ya tsaya masa. Na ce mata ɗan lokaci ne. Saƙon muryarsa na ƙarshe gajere ne: "Auta, in aikinki ne ya hana, na gane. Ki dai riƙa kiran Inna." Na saurara, ban amsa ba.

Wata rana an aike ni Lyon duba wata masana'anta da ke yi mana aiki, sai ƙanwar mahaifiyarmu da ke Vénissieux, kusa da Lyon ɗin, ta kira ta ce in biyo gidanta kafin in koma. Ina shiga na tarar da mata zaune a ƙasa da carbi. Ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, ƴan bindiga sun yi wa motocinsu Yaya kwanton ɓauna, ya rasu, har an binne shi da safe. Ban yi kuka ba a lokacin. Salulata na ciro ina neman lambarsa, sai da ta karɓe ta daga hannuna.

Bayan wasu watanni amsar bincike ta zo: ba a amince da ni ba, kuma ba a faɗin dalili. Shef ya ce abin takaici ne, ya miƙa sunan wani. Na ajiye aikin, yanzu ina wata ƙaramar masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Inna ta yafe mini, amma har yau ba ta ambatar sunansa in ina kan layi.

Na gane cewa irin waɗannan kamfanoni sun girme mu, kuma za su ci gaba da cinikinsu ko muna nan ko ba mu nan. Ƙannena da ke karatu a nan, ku nemi aiki, ba laifi ba ne. Amma duk wurin da shigarsa za ta sa ku ɓoye naku, ku tsaya ku yi tunani. In an kira ku daga gida, ku ɗauka.