Dakta Ba Allura

Watan nan ƙanena Nura ya cika shekara takwas a ƙasa, Allah Ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a in ja bakina kamar kullum, amma bana raina ba a kwance yake ba, kuma 'yarsa Safiya ce sanadi.

Nura ya rasu yana tsakiyar karatun digiri na uku, ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Tun da jama'a suka ji an ce kwamfuta yake karanta, sai kowa ya riƙa kawo masa matacciyar wayarsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce wallahi ko inda ake kwance ta bai sani ba. Daga nan 'yan unguwarmu a Sharaɗa suka laƙaba masa Dakta Ba Allura. Shi dariya yake yi. Ni kuwa abin yana ƙona min rai, don in an tambaye ni me yake karantawa sai in kama kame-kame.

Wata rana ya same ni a masana'antar robobi inda nake kula da lodi. Motoci sun yi layi, ga bokitai, ga kujeru, ga manyan randunan roba, wasu za su Bompai wasu Chalawa, ni kuma ina ta hayaniya da direbobi. Ya ce, "Yaya, ai karatuna ne wannan kake yi da gumi. In ka gama shirya kaya, kowa zai iya leƙawa ya ce sun shiga. Amma gano shirin da zai ci motoci mafi ƙaranci, in kaya suka yi yawa, ko kwamfutocin duniya aka tara sai su tsufa suna gwaji. Shin akwai gajeriyar hanya da ba a gano ba, ko babu ita sam? Ba wanda ya sani."

Na ce, "To in babu fa?" Ya ce, "Sai mu tabbatar babu, mutane su huta da nema." Na ce Allah Ya shirye ka, matsa, mota za ta yi baya.

Yau ga mu a zamanin da waya ke amsa duk abin da aka tambaye ta. Wajen aikinmu ma an kawo manhaja mai tsara lodi, kuma ba laifi, tana ƙoƙari. Sau da yawa ina tsaye a bakin sito sai in ce da Nura na nan me zai ce? Na san shi sarai, cewa zai yi, "Ta ba ku shiri mai kyau, amma wa ya ce shi ne mafi kyau?" Tambayar tasa dai har yau tana nan, ba wanda ya kayar da ita.

Safiya a hannuna ta tashi. Ta gama sakandare, ta ce lissafi za ta karanta, ta bi sawun babanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hajiya, mahaifiyarmu, ta ce atafau sai aikin jinya. "Karatun da ba a ganin ƙarshensa ya ci min ɗa, ba zai ci min jika ba." Na ce Hajiya, ƙoda ce fa. Ta ce, "Ka taɓa ganin ya huta?"

Su biyun yanzu bakina suke kallo, ga lokacin neman jami'a ya matso. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. In na bar ta, ƙila ta ƙare kamar shi, ba digiri ba suna, sai tsokanar 'yan unguwa. In na hana ta, na binne Nura sau biyu.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko Daktan da ake kiransa bai kai ga karɓa ba. Tambaya ɗaya ya bari, da yarinya mai son ɗaukarta. Jiya ta kawo min abinci ta tsaya jikin ƙofa, ta ce, "Baffa, kun yanke?" Na ce ta je ta karanta lissafinta, Hajiya kuma a bar ni da ita.

Ko daidai na yi, Allah Masani. Nura ya riga ya faɗa min nemo amsa ke da wuya. Masu leƙowa bayan an gama lodi kuwa, ba sa ƙaranci a Kano.