Baƙon da Tanko Ya Haɗiye

A Yangoji na yi wayo, a gidan kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, har 'ya'yan maƙwabta. Lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, ana ta aikin gina Abuja, arziki na yawo a ƙasa kamar ba zai ƙare ba. Babanmu yana can wajen 'yan kwangila yana tuƙa tifa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mu kuwa abin da muka sani na sabon birnin bai wuce hasken manyan motoci a titin Lokoja ba, da ƙarar fasa duwatsu da ke zuwa daga nesa kamar tsawa.

Da damina, in an idar da sallar isha'i, a madafa muke taruwa, ni da ƙanena Isiya da 'ya'yan baffanmu. Iya takan tura doya cikin garwashi, ta zauna a kan turmin da aka kifar, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo kusa da murhu. Kwaɗi na ta kuka a bayan gida, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Iya ba ta yi karatu mai zurfi ba, abin salla kawai ta haddace. Tatsuniya kuwa a bakinta take kwana.

A wannan daminar akwai magana a gidanmu, irin wadda manya ke yi ƙasa-ƙasa suna zaton yara ba sa ji. Tun zuwan marigayi kakanmu Yangoji, wani maƙwabcinmu Bagwari ya ara masa gona a bakin titi, ya ce ya noma ya ci da iyalinsa. Wanda ya ba da aron ya mutu, wanda aka ara wa ya mutu. Sai ga masu neman fili daga birni sun fara tsayawa da motoci suna nuna wurin da yatsa. Nan Baffa Sule, ƙanen babanmu, ya tashi ya ce ai gonar saye ce, ba aro ba. Ɗan mai gonar, Baba Shekwolo, dattijo ne da matarsa ke gina mana tukwane. Ya zo har gida ya durƙusa gaban Iya da Hausarsa ta 'yan ƙasa.

"Mama, kai ka san gaskiya. Amma ni ba zan ja da yaronka ba. In ya sa hannu a Littafinku gaban alƙali ya rantse, na bar masa. Na san Littafinku ba ya wasa."

Shi ba musulmi ba ne, amma haka ya faɗa. Iya ta yi wa Baffa magana a ɗaki, ta sake yi, ya ce mata ita tsohuwa ce, ba ta san yadda zamani ya juya ba. Aka sa ranar zuwa gaban alƙali a Kwali.

Ana gobe za a tafi, ruwa ya tsare Baffa a madafa, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ya tsagaita. Iya ba ta ko dube shi ba. Ta juya doya, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna."

Ta ce a wani gari an yi wani mutum, Tanko, mai fataucin jakai. Yana da dukiya daidai gwargwado, amma abu ɗaya ke cin ransa: in malamin garin ya buɗe Littafin Allah ya ce ga hukunci, ba mai ƙara tari. Tanko yana son wannan iko, sai dai ba ya son zaman tabarma gaban malami. Sai ya ji labarin wani tsoho mai rubutu da ke zaune shi kaɗai a bakin kurmi. Ya je ya ce masa, "Rubuta min Littafin nan duka, izu sittin, allo bayan allo, ina wankewa ina sha. In yana cikina, wa zai musa min?"

A nan Iya takan sauya murya, ta mai da ita siririya kamar ta mai jin sanyi. "Tsoho ya ce, ɗana, rubutu ana shan sa don neman lafiya da tsari. Amma wannan baƙon da kake son saukarwa ba ya zama a zaure. In ya shiga gida, shi ne mai gida."

Tanko ya yi dariya. Aka yi ta rubutawa yana sha, har damina ta wuce, har haƙoransa suka yi baƙi da tawada. Ya koma gari ya yi shela cewa Littafi gaba ɗaya yana cikinsa. Mutane suka tsorata, suka bar malaminsu, suka koma kawo masa shari'a. In ya yanke hukunci sai ya dafa tumbinsa ya ce, "Ba ni na faɗa ba, na ciki ne ya faɗa." Kowa ya sunkuyar da kai.

Ana nan, sai wata mata da mijinta ya rasu ta kawo ƙarar ƙanen mijin, wanda ya ƙwace rijiyar marayunta. Mutumin kuwa tun da asuba ya riga ya ɗaure wa Tanko rago a bayan gida. Tanko ya dafa ciki ya ce rijiya ta mai rago ce. Bai gama rufe baki ba sai aka ji karatu.

"Ba daga masallaci ba," in ji Iya, "ba daga bayan danga ba. Bakin Tanko a rufe yake ruf. Daga cikinsa ake karatun, a hankali, ba gaggawa. Muryar ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, ba ta yaro ba, ba ta tsoho ba. Kamar mutum na karatu a ƙasan rijiya."

Na tuna Isiya ya cusa kansa cikin zanena. Itacen murhu ya fashe, muka zabura gaba ɗaya.

Ta ce taro ya watse, kowa ya bar takalminsa. Tanko ya ruga gida, muryar na biye da shi, ina zai gudu, tunda shi ke ɗauke da ita? Kuma abin takaici, bai san abin da take faɗa ba, don bai taɓa koyo ba. Ya ɗaure cikinsa da rawani, tana karatu. Ya sha saiwoyi na wankin ciki har ya kusa mutuwa, tana karatu. Ya ɗauko makaɗa su cika gidan da ganga, da suka gaji suka tsaya, sai ga ta tana ci gaba daga inda take, ba ta tsallake ko harafi ba. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu. Ya shiga daji don kada mutane su ji. Ya kwanta gindin wata tsamiya, da ya buɗe ido sai ya ga namun daji sun kewaye shi, kura kusa da barewa, maciji kusa da zomo, ba mai taɓa wani, duk sun zuba wa cikinsa ido suna saurare.

Ya rarrafa har bukkar tsohon nan. Ya ce, "Cire min shi." Tsoho ya ce, "Ba ya fita. Kai ka ce kana son ya yi magana daga cikinka, ga shi yana yi. Je ka tambayi abin da yake cewa."

Haka Tanko ya je ya zauna a tabarma gaban malamin da ya raina. Malam ya kasa kunne ga cikinsa, ya ce, "Wurin da ake maganar dukiyar marayu yake karantawa. Shi yake ta maimaitawa." Tanko ya mayar da rago, ya mayar wa marayu rijiya. Muryar ta sauka kaɗan, ta koma wani wuri. Malam ya ce, "Yanzu kuma maganar shaidar zur yake." Tanko ya bi gida-gida yana warware abin da ya ƙulla. Kullum in ya gyara ɗaya, sai ta ƙara sauka, har ta zama ba mai jin ta sai shi. Bai sake yanke wa kowa hukunci ba. Da ya mutu, masu yi masa wanka suka ce sun ji ta, siririya, kamar uwa na lallashin jariri. Har yau, in ji Iya, mai wucewa ta wajen kabarinsa da magariba yakan ji.

"Na sauke ta nan," ta ce, "kowa ya ɗauki rabonsa." Ta ciro doya ta kankare toka da wuƙa. Da na waiwaya bakin ƙofa, Baffa ba ya nan. Ruwa bai tsaya ba, cikinsa ya fita.

Washegari ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi Kwali. Ni na tabbata a raina ba zai iya ba. Da la'asar ya dawo yana fara'a. Ashe can gaban alƙali ya yi alwala, ya dafa Littafin, ya rantse. Baba Shekwolo, aka ce, ya cire hularsa ya ce ya yarda, ya juya ya tafi. Daga ranar matarsa ba ta sake shigo mana da tukunya ba.

Mu yara sai muka shiga jira. In Baffa na cin tuwo, mu zauna kusa da shi muna kasa kunne. Isiya har ya taɓa yin kamar barci ya kwashe shi, ya ɗora kai a cinyarsa don ya ji da kyau. Wata rana cikin ya yi ƙugi, muka watse da gudu muna salati, ashe wake ne. In na ji motsi a ɗakinsa sai in ce yau za a fara. Ba a fara ba. Baffa ya sayar da filin, ya sayi mota, ya yi ƙiba, ya koma birni. 'Yan aiki suna ce masa oga. Ko ciwon kai bai yi ba.

Abin ya tsaya min a rai. Wani maraice, mu biyu kaɗai a madafa, na ce, "Iya, ashe tatsuniyar nan ƙarya ce."

"Wace?"

"Ta Tanko. Ga Baffa ya rantse, kuma ba abin da ya yi magana a cikinsa."

Ta daɗe tana tura itace cikin murhu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ɗanta ne, autanta, wanda take ajiye wa ƙanzo.

"Hajara," ta ce, "ke a ganinki Tanko azaba aka yi masa?"

Na ce, "Eh mana."

"Gata aka yi masa. Wanda ake so shi ake tsawatarwa. Tun ranar da baffanki ya dawo daga Kwali nake roƙon Allah ya hana shi barci, ko na dare ɗaya. Sanda yake gidan nan, in na kasa kunne ta jikin bango, sai in ji yana minshari." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne. "Ba muryar ce abin tsoro ba, 'yar nan. Shirun ne."

A wannan maraicen na fi jin tsoro fiye da ranar tatsuniyar, ko da yake ban san dalili ba sai daga baya.

Na girma, na yi karatun boko da na addini, na yi aiki a wata ma'aikatar tarayya har na kusa ritaya. Na ga Littafin nan a wurare da yawa. Na gan shi a gaban mota don tsari, na gan shi a hannun manya ranar kama aiki, na gan shi a bakin masu gardama, kowa na jawo shi ɓangarensa kamar bargo ɗaya a ɗakin mutum goma. Kusan dukanmu irin abin da Tanko ya nema muke nema: ya zama namu, mu dafa shi mu rufe bakin wani. Ba kasafai nake ganin wanda ya buɗe shi yana fargabar abin da zai ce game da shi kansa ba. Baba Shekwolo, wanda bai taɓa karanta ko layi ɗaya ba, ya bar gonar ubansa saboda ya ɗauka ba mai iya yin ƙarya a kansa.

Baffa ya rasu a gidansa na Durumi, cikin 'ya'ya da jikoki, an yi masa sauka, an cika titi da motoci. Ban san yadda suka ƙare da Ubangijinsa ba, kuma ina roƙa masa gafara da gaske. Ni dai abin da ya rage min shi ne wannan: in na zauna karatu da safe, na wuce shafi bayan shafi lafiya lau, ba inda ya tsaya min a wuya, ba inda ya kama ni da laifi, ba na murna. Nakan rufe, in sake alwala, in koma farko.