Baba Shiru, Wanda Ya Juya wa Kakata Gidanta

Ƙarfe bakwai na safe, an kwana ana yayyafi, ƙasa ba ta gama tsanewa ba. A irin wannan lokacin ake tarar da Baba Shiru a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, yana goge wayoyi da tsumma yana naɗe su a hankali. Aikinsa ne ya ba shi sunan, don shekara da shekaru ba a jin komai daga bakinsa sai "shiru, ana ɗauka." Jiya ya yi ritaya. Ni gyaran keke nake yi a bakin ƙofar wurin, karatuna bai yi nisa ba, amma na ga in ban rubuta ba, ba mai rubutawa.

Wata mai karanta labarai ta ce min ranar da ta fara aiki muryarta rawa take yi. Sai ya ce inji ne ya samu matsala, a sake. Ya yi ta ɗora wa inji laifi har ta natsu. Sai daga baya ta gane lafiyar injin ƙalau.

Nawa labarin na Kakata ne. Idanunta sun daɗe da tafiya, da kunne take sanin gidanta. Da aikin hanya ya biyo ta unguwarmu muka koma wani gidan, mai kyau ma, sai ta daina cin abinci. Ta ce ba ta san inda take ba. Likita ya duba bai ga ciwo ba, ita kuwa kullum ramewa take yi.

Ina ɗaure wa Baba Shiru birki na ba shi labari. Washegari ya ce in kai shi tsohon gidan tun ba a rushe ba. Ya fito da wani makirfo mai kai huɗu, kowanne na kallon nasa gefen.

"Wannan ambisonik ake ce masa," in ji shi. "Makirfo na kullum gabansa kawai ya sani. Wannan yana jin gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Ba ƙarar kaɗai yake riƙewa ba, har inda ta fito. Ina take zama?"

Na nuna masa. Ya kafa shi daidai tsayin kan mutum a zaune, ya fuskantar da shi ƙofa. Muka yi tsit. Famfo na ɗiga, tattabaru na taku a kan kwano, keken tela na ta yi daga tsallaken titi.

Kafin ya gama haɗa aikin an rushe gidan. Ya zo da tsofaffin lasifikunsa ya kewaye kujerar Kaka, ɗaya har kan kabad, ya kunna. Ta ɗaga kai wajen tattabarun. Can sai ta ɗaure fuska.

"Wannan ba gidana ba ne. Wa ya kai famfo hagu? Kuma yaushe tela ya dawo gabana?"

Ga shi kuwa babu sauran gidan da za a koma a sake ɗauka.

"Inna, in kin zauna ina kike fuskanta?" in ji Baba Shiru.

"Bango mana. Me zan kalla a ƙofa? Takun kowa na sani."

Yayata ta ce to a juya kujerar.

Baba Shiru ya ce, "A'a, ta gaji da juyi. Gidan za a juya mata."

Ya taɓa kwamfutarsa a hankali. Da kunnena na ji famfo ya zagaya ya koma dama, tela ya koma baya.  Sai Kaka ta lalubo hannuna.

"Kai mijin banza, ba a cin abinci ne a gidan nan?"

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Yanzu tana ci, tana faɗa, har ta fara koyon takun sababbin maƙwabta.

Baba Shiru, kai ne kunnen da ba ya gajiya. Kai ne ka nuna min sauraro ma aiki ne, a tambayi mutum inda yake fuskanta kafin a ce an fahimce shi. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da ya bar wa wayoyinsa, ku riƙe halinsa tare da su.

Ranar da ya juya gidan, muna can muna rububin zuba wa Kaka abinci, ba wanda ya ga fitarsa. Sai da na zo shara na lura ya bi duk wayoyin ya manne su a gindin bango, don kada ƙafarta ta harɗe.