Ranar da Motar Kamfe Ta Ɗauko Rabi

Wudil zuwa Utai

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Wudil, ranar Juma'a. Mu mata huɗu ne da muka sa kanmu yi wa ɗan takararmu na shugaban ƙasa kamfe gida-gida, ba don an biya mu ba. Ɗanladi direba ya ɗaure lasifika a saman bas ɗin kamfe. A shingen 'yan sanda aka leƙo, aka ga fastoci, aka ce, "Hajiya, a ci zaɓe lafiya." A Utai muka karya da koko da ƙosai, muka shiga gidaje muna nuna wa mata inda za su dangwala.

Bayan Darki

Da hantsi muka saki kwalta, muka bi burji zuwa wani ƙauye. Ina tsakar gida ina bayanin asibitin da za a gina musu, sai wani magidanci, Malam Isa, ya yi sallama daga zaure.

"Hajiya, ku taimaka don Allah. Matata Rabi ce ke naƙuda tun jiya, jini ya ɓalle. Motocin garin duk sun tafi kasuwar Wudil."

Na fito waje na dubi Ɗanladi. Ya kashe lasifika ya ce, "A fito da ita."

Muka zubar da fastoci, muka shimfiɗa mata zannuwa. Na rungume kanta a cinyata.

Hanyar komawa

Kowane rami sai ta damƙe hannuna. Ta ce, "Yaya, mun kusa?" Na ce, "Saura kaɗan, ƙanwata, yi ta salati." Kafin mu hau kwalta ta haifi 'ya mace, muka naɗe ta da mayafina.

A bakin Wudil tirelolin shanu suka toshe hanya. Ɗanladi ya kunna lasifikar yana ihu, "Mai haihuwa ce! A ba mu hanya!" Mutane suka yi ta ture kekuna da babura. Amma ko da muka isa ƙofar asibiti, hannunta ya riga ya saki nawa. Likita ya duba, ya ja mata zane.

Ƙauyen kuma

Da motar muka mayar da ita. Bayan la'asar aka sallace ta. Malam Isa ya zo har gefen bas, jaririyar na kafaɗarsa.

"Hajiya, ba ni da abin ba ku. Yaya sunanki? Shi zan sa mata."

Na ce Hadiza, kuka ya ci ƙarfina.

Gida

Da magariba muka shigo Wudil. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ɗanladi da ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya jiƙan Rabi, ya raya takwarata.