Ranar da 'yancin kai ya zo na biyar a Karofane

Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Madawa, darakta ya ba ni shirin bikin 'yancin kai. Ya ce in jera abubuwa biyar da suka fi muhimmanci a farkon tarihin ƙasa, amma daga bakin dattawa, domin masu saurare sun gaji da abin da ake koya wa yara a lakwal, wato makaranta. Sai na zaɓi Karofane da ke ƙasar Bouza, garin matata, saboda can ba na neman masauki.

Dattawa biyar suka zauna gindin gawo, kowa a wurin da shekarunsa suka ba shi. Mafi tsufa surukina ne. A wajenmu mutum ba ya kallon surukinsa ido da ido, balle ya yi masa gardama. Na kunna rikoda, kaina a ƙasa.

Bai yi magana da ni kai tsaye ba. Ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ku gaya wa mai rediyo, na ɗaya ita ce ranar da mota ta hau tudun garin nan ba a tura ta ba."

Na biyu ya kawo zuwan garmar shanu. Na uku ya ce shekarar fara, na huɗu rijiyar siminti. Ƙaraminsu, tsohon soja mai furfura har gira, ya gyara zama ya ce ranar da aka sauke tutar Faransa.

Cikin ladabi na tambayi tsohon sojan ko ba za a ɗan matso da nasa gaba ba.

"Ya matso ina?" in ji na biyu. "Wannan da aka yi masa kaciya ina kallo?"

"Ƙasa guda fa aka samu, yaya," in ji tsohon sojan.

"An samu. Da ƙafa ta zo nan, ko da mota?"

Nan na gane ba abubuwan ake aunawa ba, masu faɗarsu ake jerawa. Surukina ya yi gyaran murya ya ce a sanar da mai rediyo gidan duka za su saurara ranar bikin.

Na koma Madawa na yi kwana biyu ina juya takarda. In na gyara jerin, na ɗora ƙaramin dattijo a kan uban matata, duk Bouza tana ji. In na bar shi, na sa mota gaban ƙasa.

Na bar shi. Na karanta shi da muryar labarai, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ina fitowa na iske darakta bakin ƙofa.

"'Yancin kai na biyar?"

"Mushe darakta, mai faɗarsa ne ƙarami."

"Mai motar fa, wane ne?"

"Surukina."

Ya cire tabarau ya murza ido.

"Baɗi," ya ce, "ka tafi garin da ba ka yi aure ba."